Shaidar Ganau a Binciken Ilimi: Abin da Al'amuran Daura Suka Nuna

Ɗalibin da aka haifa a Mai'aduwa, ya tashi yana ganin buhunan hatsi da jarkokin fetur da garken shanu suna kai da kawo tsakanin Kongolam da ƙasar Nijar, idan ya zo rubuta kundin digiri a kan cinikin kan iyaka, abin da aka fi nuna masa shi ne ya tuɓe duk abin da ya sani ya bar shi a ƙofar aji. Zai buga takardun tambayoyi, ya raba wa mutanen da da yawansu sai an karanta musu, ya tattaro, ya fitar da kashi kaza cikin ɗari, ya zana jadawali. Abin da ya gani da idonsa shekara da shekaru, da abin da ya ji a zauren gidansu, ba su da gurbi a kundin, domin an ce masa wannan ra'ayi ne kawai. Ina ganin wannan hukunci kuskure ne, kuma asararsa ta fi yawa a wuri irin Daura, inda abin da aka rubuta bai kai cikin cokalin abin da ke kawunan mutane ba. Abin da mutum ya rayu a cikinsa hujja ce a bincike. Sai dai hujja ce irin ta mai ba da shaida a gaban alƙali: ana saurarensa domin ya gani, ana tambayarsa inda yake tsaye lokacin da ya gani da abin da ke tsakaninsa da masu shari'ar, sannan a nemi wani ya ƙarfafa maganarsa. Da mai cewa a kore shi daga zauren, da mai cewa a yanke hukunci da bakinsa shi kaɗai, duk sun kauce hanya.

Bincike a kan al'umma iri biyu ne a dunƙule. Akwai na ƙididdiga, mai amsa tambayar nawa ne, sau nawa, kashi nawa. Akwai kuma na zama da mutane da doguwar hira da lura da yadda suke tafiyar da rayuwa, wanda ke neman sanin yadda abu yake faruwa da abin da yake nufi ga masu yin sa. Na farkon ba abin rainawa ba ne, babu mai gina asibiti ko makaranta da labarin mutum ɗaya. Amma alƙaluma daga bakin mutane ake ɗebo su, bakin Bahaushe kuwa yana da ƙa'idodinsa. Matar da aka tambaya 'ya'yanta nawa a gaban surukarta tana iya tsallake ɗan fari, wanda kunya ta hana ta ko ambatar sunansa, ko kuma ta haɗa da ɗan riƙo domin a wurinta ɗa ne. Makiyayin da aka tambaya yawan shanunsa ya gaji tsoron jangali daga ubansa, ko da yake an soke jangali da haraji tun 1979 a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Takarda za ta karɓi duk lambar da aka ba ta, ba za ta ce uffan ba. Wanda zai gane akwai lauje cikin naɗi shi ne wanda ya tashi a gidan da ake wannan kunya da wannan ɓoyo. Ke nan ko mai ƙididdiga, in aikinsa ya yi kyau, ya ci moriyar sanin ganau, faɗa ne kawai ba ya yi.

Tarihin Daura kansa ya isa misali. Kowa ya san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu da sarauniya Daurama, amma abin da ya faru a ƙarni na 19 ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ba a cika ba da shi a dandali ba. A wajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓe birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, daga baya zuriyar tsohon gidan ta kafa kujeru a Zango da Baure. Shekaru da dama ana da fada uku a ƙasa ɗaya, kowace da sarakunanta da masu sarautarta da nata labarin yadda aka yi, ga kuma Damagaram daga arewa tana matsa lamba. A 1906 Turawa suka mayar da tsohon gidan kan gadon Daura ta hannun Malam Musa, abin da ba su yi a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi mulki har 1966. A ƙarshen shekarun 1950, yana kan gado, wani masanin zamantakewar al'umma mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo ya zauna da dattawa da masu sarauta yana tambayarsu yadda aka tafiyar da mulki kafin jihadi da bayansa. Littafin da ya fito daga wannan aiki, The Affairs of Daura, sai a 1978 aka buga shi. Babban jarinsa abin da ke kawunan mutane ne. Dattijon da ke da shekara saba'in a 1958 saurayi ne a 1906, ya ga canjin sarautar da idonsa, abin da bai gani ba kuwa ya ji daga uba ko kaka da suka yi gudun hijirar ko suka zauna a birni. Da an ce tunanin mutum ba hujja ba ne, da babu littafin.

Abin lura shi ne yadda aka yi amfani da tunanin. Fadar da Smith ya tarar ta waɗanda suka dawo ce, kuma wanda ya dawo gida bayan shekara ɗari a waje yana da yadda yake son a tuna da waɗanda suka riƙe gidan ba ya nan. Wannan ba zargi ba ne, halin ɗan Adam ne. Abin da ya sa aikin ya yi nauyi shi ne littafin bai tsaya a fada ɗaya ba: ya bi tsarin mulkin Daura ta Fulani, da na Zango, da na Baure, ya jera su yana gwada wannan da wancan, domin ya gano wace sarauta ce tsohuwa tun kafin rabuwa, wacce kuma aka ƙirƙira daga baya. Inda bakuna masu gaba da juna suka haɗu a kan magana ɗaya, zuciya ta fi natsuwa da ita. Inda suka saɓa, saɓanin kansa labari ne, domin yana nuna abin da kowane ɓangare yake karewa.

Akwai kuma ƙofar da Smith bai iya shiga ba ko da wace irin dabara, wato cikin gida. Tun a aikinsa na farko a ƙasar Zazzau kulle ya raba shi da rabin al'ummar da ya zo nazari. Matarsa Mary ce ta cike giɓin. A Giwa, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, ta zauna da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, wadda aka ƙiyasta haihuwarta a wajen 1877, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa kamar yadda take faɗa. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta bayyana ƙawance da zaman kishi da bori da yadda mace ke neman saki, da yadda mahara ke kama mutane a sayar ko a fanshe su, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har yau da wuya a sami mai rubutu a kan matan Hausa na wancan zamani da bai leƙa shi ba. Malamanmu na zaure ba za su yi mamakin wannan ba. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a kowane gari a ƙasar Hausa ta yarda da shaidar mata su kaɗai a al'amuran da maza ba sa halarta, kamar haihuwa. Dalilin a fili yake: akwai wurin da babu wata hanyar sani sai ta bakin wanda yake ciki.

Amma Baba ma a wani wuri take tsaye. 'Yar masu rinji ce, danginta sun mallaki bayi, don haka bautar da ta sani ita ce wadda ake hangowa daga ɗakin uwargida. Ta gaya wa Mary cewa su Haɓe sun yi maraba da zuwan Turawa, Fulani ne ba su so ba, maganar da duk wanda ya san abin da ya faru a Daura a 1906 zai fahimci inda ta fito, amma ba za a ɗauke ta a matsayin ra'ayin kowa da kowa ba. Mai son jin bauta daga ɗaya gefen sai ya nemi wani bakin, irin na Dorugu, yaron da aka kama daga wani ƙauye na wajen Kance, arewa da Daura, aka sayar da shi har Kukawa, Bature Overweg ya 'yanta shi, shi kuma Dorugu ya bi wani Bature, Barth, har Timbuktu sannan Ingila a 1855, inda ya ba wa wani Bature, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa. Shi ya san yadda ake raba yaro da iyayensa a kan hanya. Labarin Baba bai ƙaryata nasa ba, nasa bai ƙaryata nata ba, amma wanda ya karanta ɗaya ya rufe littafi ya ɗauki rabin magana.

Duk waɗannan labarai ne da baƙo ya karɓa daga bakin ɗan gida. Tambayar da ta fi zafi a yau ita ce idan mai binciken shi ne ɗan gidan, kuma abin da ya gani da kansa yake son sakawa. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Jomo Kenyatta ya rubuta littafinsa a kan mutanensa Kikuyu a 1938, yana ɗalibin masanin zamantakewar al'umma Malinowski a Landan, kuma ya dogara ƙwarai da tashinsa a cikinsu. A Amurka, daga 1979 da David Hayano ya yi rubutu a kan masu nazarin al'ummarsu ta kansu, hanyar ta bunƙasa har ta rabu biyu: su Carolyn Ellis suna ba da ƙarfi ga labari mai taɓa zuciyar mai karatu, Leon Anderson kuma a 2006 ya dage cewa dole mai bincike ya haɗa labarinsa da hirar wasu, ya kuma fitar da bayanin da ya wuce kansa. A wannan saɓani ina tare da Anderson. Sai dai kafin a kai can, ya kamata a rushe wani zato, wato cewa baƙon masani ba ya aiki da abin da ya ji a jikinsa. Lokacin da aka buga littafin sirrin Malinowski a 1967, bayan mutuwarsa, aka ga kaɗaici da ƙosawa da raini da yake ji game da mutanen tsibiran Trobriand da ya yi suna da nazarinsu. Duk wanda ya zauna da mutane ya rubuta abin da ya gani, da idonsa da halinsa ya yi aikin. Wani ya bayyana inda ya tsaya, wani ya ɓoye, bambancin ke nan.

Sukar da aka fi yi ita ce mutum ɗaya ba jama'a ba ne. Gaskiya ne, kuma wanda ya ce tunda a gidansu haka ake yi to haka duk ƙasar Daura take, daga Sandamu har Baure, ya yi ɓarna. Amma sukar tana ɗora wa shaidar ganau nauyin da ba ta ce za ta ɗauka ba. Labarin Baba bai gaya mana mata nawa cikin ɗari ne suka yi aure huɗu ba. Ya nuna mana ta wace hanya aure ke mutuwa, wa ake kai wa ƙara, wa ke biyan me, ina mace ke zama kafin ta sake wani. Sanin hanya daban, sanin yawan masu bin ta daban, kuma sau da yawa sai an san hanyar ake gane abin da ya cancanci a ƙirga.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: tunani yana ruɗi, zuciya kuma tana son kanta. Mutum yakan tuna abin da ya yi masa daɗi ko ya ƙona masa rai, ya manta na tsakiya, ya gyara jiya domin ta dace da yau. A nan ma ba sai mun je aro ba. Malaman hadisi sun fuskanci wannan matsala fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ba su ce a daina karɓar ruwaya ba. Sun tambayi wane ne mai ruwayar, yaya amanarsa, yaya ƙarfin haddarsa, ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, akwai wata hanyar da maganar ta zo. Fiƙihun Malikiyya bai karɓi shaidar uba ga ɗansa ba, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ba don an ce ƙarya suke yi ba, sai don tuhuma ta shiga. Ibn Khaldun ya sa goyon bayan ɓangare a sahun farko na abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari. Idan aka juyo da wannan kan mai bincike, sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. Ya faɗi ko shi wane ne a cikin al'amarin: ɗan sarauta ne ko talaka, danginsa na cin abinci da sana'ar ko sana'ar ta cuce su. Ya raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Ya rubuta abu a ranar da ya faru, da kwanan wata, domin abin da aka rubuta da ɗuminsa ya fi wanda aka tuno bayan shekara goma. Sannan ya fita neman wanda zai ƙaryata shi, ba wanda zai gyaɗa masa kai ba.

Akwai kuma makantar ɗan gari. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda ya daɗe da yoyon yakan daina jin ɗigarsa. Abin da baƙo zai tsaya ya tambaya, ɗan gari yakan wuce shi don a wurinsa haka duniya take. Ga kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba: masu rubuta kundi 'yan boko ne, kuma rayuwar wanda ya kai jami'a ba ita ce ta ɗan dako a tasha ko ta mai tallan fura ba, ko da unguwarsu ɗaya. Marigayi Yusufu Bala Usman, wanda kwalejin da ke Daura take ɗauke da sunansa, misali ne na yadda ake fita daga wannan tarko. Ɗan gidan sarautar Katsina ne, ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, amma bai ce a yarda da shi don jininsa ba. Ya bi garuruwa yana tattara bakunan mutane, ya tuhumi rubutun Barth kamar yadda ya tuhumi labarin fada, ya kuma ƙi yarda a taƙaita tarihin ƙasar a rigimar Haɓe da Fulani, rabon da masana irin su Smith suka dogara da shi. Zamansa ɗan gida ya ba shi harshe da ƙofa da sanin inda ake ɓoye magana. Hukuncinsa kuwa daga tantance hujjoji ya fito.

A koma kan iyaka a ga yadda abin zai kasance a aikace. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. A ce wani ya shiga kasuwar Mai'aduwa da takarda yana tambaya ko mutum yana shigo da shinkafa 'yar waje. Babu mai hankalin da zai ce e, domin mai takarda da biro a kan iyaka, a idon ɗan kasuwa, ɗan'uwan jami'in kwastan ne. Ƙari a kan haka, shugaban da ya ba da umarnin rufewar farko, Muhammadu Buhari, ɗan Daura ne, kuma sukar ɗan gida a gaban baƙo abu ne mai nauyi a bakin Bahaushe ko da yana jin jiki. Wanda ya zauna a wurin ya san abin da takardar ba za ta kama ba: babur ɗauke da buhu yana ratsa gonaki da asuba, layin jarkoki a wurin 'yan bumburutu, ɗan canji yana lissafin sefa da naira a waya, da gidajen da 'yarsu ke aure a tsallake, waɗanda zuwa suna ko ta'aziyya ya zame musu abin shawara. Wannan sani shi zai gaya masa wa zai tambaya, a ina, da wane lafazi. Idan ya rubuta shi a fili a matsayin abin da ya gani, ya haɗa da hirar direba da dillali da matar aure da jami'in da ya yi ritaya, ya gwada da farashin da jaridu suka ruwaito a lokacin, ya yi bincike. Idan ya tsaya a kan abin da ya gani shi kaɗai, ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda yake da daraja amma sunansa daban.

Sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta a madadin kowa ita ce ta amana, domin amsar tana canzawa daga gida zuwa gida. Babu wanda ya rayu shi kaɗai, saboda haka duk mai ba da labarin kansa yana ba da na uwarsa da kishiyarta da maƙwabcinsa, waɗanda ba su san ana rubuta su ba lokacin da suke magana a tsakar gida. Wanda aka yi hira da shi an nemi izininsa, yana iya cewa a kashe rikoda. Yayan da ya yi fito da shinkafa shekara biyar da suka wuce bai ba ƙanensa izinin komai ba. Canza suna ba ya wadatarwa a garin da ake gane mutum da unguwarsu da sana'ar kakansa, kuma abin da ke cikin kundi yau yana iya yawo a WhatsApp gobe. Addini ya hana tona asiri da giba, al'ada ta ɗora sirrin gida a kan kowa, doka kuma tana iya hawa kan wanda aka fallasa. Smith da matarsa sun tattara takardunsu sun tafi, Baba ma ba ta ga littafinta ba. Ɗan Daura kuwa zai dawo ya yi sallar Juma'a sahu ɗaya da waɗanda ya rubuta, 'yar Daura za ta haɗu da su a gidan biki. Abin da ya rage masa shi ne ya koma wurin waɗanda labarin ya shafa ya karanta musu abin da ya rubuta kafin ya miƙa, ya sauya abin da zai sa a gane su matuƙar bai taɓa ma'anar ba, inda kuma suka ƙi ya cire. Wani lokaci abin da zai cire shi ne mafi ƙarfin hujjarsa. A irin wannan hali ya rubuta a kundin cewa akwai abin da ya sani ya bari saboda haƙƙin wasu, domin mai duba aikin da mai karanta shi su san a wane babi ne shaidar ta ragu, su auna sakamakon da wannan a zuciya.